Waya uku da ajin zane: yadda aikin ke tafiya a makarantarmu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Bismillah. Zan riƙa rubuta abin nan duk sanda na samu sarari, don kar in manta, kuma don 'yan uwa malamai masu koyar da CCA, wato darasin al'adu da fasaha, a ƙauye irina su ga inda muka dace da inda muka yi tuntuɓe. Makarantarmu ƙaramar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ba wutar lantarki, sabis kuma sai ka hau tudun bayan masallacin Juma'a ka ɗaga waya sama. Shekara shida ina koyar da darasin nan na al'adu da fasaha kuma gaskiyar magana abin da muke yi kawai shi ne in rubuta a allo su kwafa, ma'anar layi, ire-iren layi, launukan asali guda uku ja da shuɗi da rawaya, yaro ya haddace ya ci jarrabawa alhali bai taɓa haɗa shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito da idonsa ba. Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

To satin da ya wuce wasu tsofaffin ɗalibanmu da ke kasuwanci a Kano suka aiko mana da wayoyi uku na hannu, Tecno biyu Itel ɗaya, da ɗan faifan sola da batir. Na je wajen firinsifal na ce ranka ya daɗe a ba ni su in gwada da 'yan aji biyu. Ya ce "Malam, yara sittin da ɗaya waya uku, ta ina za ka fara?" Na ce a bar ni dai in gwada zango guda. Ya amince da sharaɗin wayoyin a ofis za su riƙa kwana.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ranar Asabar na shiga Birnin Kudu gidan yayana na kwana ina sauke bidiyoyi, don a ƙauye ba zai yiwu ba. Yau na ce kowa mai naira ashirin ya fito da ita, mutum huɗu suka fito da ita, na ce ku juya bayanta, wace ce wannan matar? Shiru. Wani ya ce mai tallan tukwane ce. Kullum kuɗin nan na hannunsu ba wanda ya san Ladi Kwali ce, Bagwariya maginiyar tukwane daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu a 1954, ta je har Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, ta rasu a 1984. Sai na raba su gida uku na kunna musu bidiyon yadda ake ɗaga tukunya da hannu ba inji, mace na zagaya tukunyar tana jan yumɓu sama.

Wallahi ban taɓa ganin ajin nan yai tsit haka ba. Wata yarinya a baya ta ce "Malam ai haka kakata take yi." Na ce to kin gani, irin aikin kakarki ne ya hau kan kuɗin Najeriya. Yadda fuskarta ta canza ba zan iya kwatanta shi a rubuce ba. Wannan kam da alli da allo ba zan taɓa iya yin sa ba ko zan shekara ina bayani.

Talata, 29 ga Oktoba

Sama da mako ke nan Arewa na cikin duhu, gidan yayana ba wuta, sabis ma ya yi rauni sosai ban samu sauke komai ba. Sai muka je bakin fadama muka ɗebo yumɓu. Kasko goma sha tara aka gina, sha huɗu sun tsage saboda an shanya su a rana kai tsaye kuma ba a cuɗa da yashi ko garin tsohon kasko ba. Yarinyar nan mai kaka ce ta faɗa mana dalili, bidiyon bai nuna wannan ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na sa musu manhajar zane mai suna ibisPaint a wayoyin uku, kyauta ce, kana zane da yatsa a kan sikirin ka zaɓi kala ka zaɓi kaurin layi. Kowane rukuni minti goma, waya na zagayawa.

Abin da na lura da shi wanda ban zata ba shi ne maɓallin komawa baya. Yaranmu tsoron ɓata takarda suke, kuma suna da hujja, littafin zane kuɗi ne, wani ma a bayan littafin lissafi yake zane, in ya ɓata shafi ya san ba za a sayo wani ba sai wani zangon, shi ya sa in ka ba yaro fensir sai ya yi minti biyar yana kallon takarda bai ja layi ko ɗaya ba. Amma a waya in ka yi kuskure danna kawai za ka yi layin ya ɓace. Akwai wani yaro mai in'ina da ba ya magana a aji sam, yau shi ya zana bishiyar kuka da 'ya'yanta na lilo, ya goge ya sake ya fi sau ashirin, ta ƙarshen nan kuwa ta yi kyau har na ajiye ta. Kala kuma ga ta nan iri-iri ba ta ƙarewa, mu da ko kwalin kala ɗaya ba mu da shi a sito.

Sai dai akwai wani abu a ciki da ke maimaita layi, ka ja a gefe ɗaya ya fito a ɗaya gefen daidai wa daida. Da shi suka yi dagin Arewa cikin ɗan lokaci suna ta murna. Ni ma na yi murna amma wani abu ya tsaya min a rai, don na san wahalar dagi ita ce daidaita ɓangarorin da ido da hannu, kuma wannan wahalar ita ce darasin. Zan sa ido.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mahaifin wata ɗaliba ya zo da safe, dattijo ne mai mutunci, muka gaisa na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya. Ya ce "Malam, an ce min kuna koya wa yara zanen masu rai, kuma kuna ba 'yan mata waya." Na ce Baba maganarka gaskiya ce a wani ɓangaren, wasu yara sun zana mutane da 'yan katun da suke gani a wayar yayyensu, amma ba ni na sa su ba. Na ɗauko wayar na nuna masa ba layin waya a ciki ko ɗaya, ba WhatsApp ba TikTok, kuma a gabana suke taɓawa. Na ce daga yau aikin da zan riƙa bayarwa zayyana ce da zanen gini da na hula da itatuwa. Ya jima yana kallon kukar yaron nan sannan ya ce "To Allah ya taimaka, amma ka riƙe amana." Na ce in sha Allahu Baba.

Ban ji haushin zuwansa ba ko kaɗan, gara wanda ya zo ya tambaya da wanda zai cire 'yarsa shiru. Kuma maganar katun ɗin nan dama tana damuna ta wata fuskar, yara goma su zana abu ɗaya mai manyan idanu da gashi tsaye wanda ba su taɓa gani a garin nan ba, ga rumbu ga amalanke ga kasuwa ba mai kallonsu.

Alhamis, 12 ga Disamba

Gwajin ƙarshen zango. Takarda da fensir na ba su, na ce kowa ya zana dagi da bishiya ɗaya. Na dawo gida raina a jagule. Waɗanda suka fi ƙwarewa a waya da yawansu hannunsu rawa yake a takarda, dagin ya karkace, wani ya goge da kilina har takardar ta huje. Yaro ɗaya na gani da idona ya kai yatsa kusurwar takarda yana neman inda zai danna ya koma baya, da ya farga sai ya sunkuyar da kai. Tausayi ya ba ni don ni na kai shi ga haka. Yatsa a kan gilashi santsi ne, fensir a takarda yana da nauyi yana da tirjiya, hannun da bai saba ba ba zai iya ba, kuma jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ba da waya za a yi ta ba, sana'ar da za su ci abinci da ita a nan ma ba da yatsa a gilashi ake yin ta ba.

Wata biyu na ɓata ko kuwa? Ban ce na ɓata ba, don tsoron fara zane ya ragu sosai, kowa ya ja layi nan take ba jira. Amma dole in canza tsari.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Sabon zango sabuwar doka. Waya ta zama ido, hannu shi zai yi aiki. Ma'ana da waya za mu ɗauko hoto da bidiyon masu sana'a na garin nan, mu dawo aji mu kalla mu tsayar mu ƙara girma, sannan a zana a takarda ko a yi da kayan aikin gaske. Manhajar zane sai ranar Juma'a kawai, kuma na hana amfani da abin maimaita layin nan.

Jiya da yamma na raka rukunin maza wajen wani tsohon magini, shi ya yi yawancin zaurukan ƙasa da suka rage a garin, yanzu kowa bulo da siminti yake so aiki ya ja baya. Da farko ya ƙi, ya ce me za a yi da hoton tsoho. Wani jikansa da ke cikin yaran ya ce "Baba, hannunka kawai za mu ɗauka." Sai yai dariya ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya shafa a jikin katanga, ya fara fitar da zane da yatsunsa tun tana ɗanya, ba ma'auni ba zare, dagin nan ya fito daidai kamar an buga. Yana yi yana bayanin tubali da azara da zanko, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba a shafe gini don kar ruwa ya ci shi. Yaran nan kullum suna wuce zaurensa ba wanda ya taɓa tsayawa, amma da aka ba su waya a hannu aka ce ku ɗauka sai ga su suna rige-rigen tambaya, Baba wannan fa, Baba me ya sa ka fara ta tsakiya. Yau a aji mun kalli bidiyon ya fi sau shida muna tsayarwa, a nan muka gano ashe ɗigo huɗu yake fara sawa da babban yatsa kafin ya ja komai, shi kansa bai faɗa ba don hannunsa ya saba har bai san yana yi ba. Da suka gwada ɗigo huɗun a takarda dagin kusan kowa ya miƙe.

Mata kuma wata malama abokiyar aikina ce ta shiga da su cikin gida wajen wata Inna mai saƙar faifai. Sun dawo da hotuna sama da arba'in, na hannu da faifai kawai ba fuska, haka muka yi alkawari da masu gida.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hunturu ya yi tsanani, ƙura ta rufe faifan sola sai mun goge kullum da safe in ba haka ba caji ba ya cika.

Inna mai faifai ta tona mana asirin kala, kuma duk a garin nan take. Karan dafi na ba da ja, gangamau rawaya, baba shuɗi irin wanda ake rini da shi a marinar Kofar Mata a Kano, baƙi kuma bagaruwa da kashin maƙera kamar yadda majema ke yi. Muka ƙara da jar ƙasa da farar ƙasa, muka jiƙa ƙaro muka zuba don kalar ta kama takarda. Buroshi kuwa asuwaki muka tauna bakinsa. Sai na roƙi alaramman tsangayar garin ya zo ya nuna musu zayyana, ya zo da allon sauka da alƙalamansa na kara ya zauna a gaban aji yana jan layi ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Wani yaro ya tambaye shi "Allah gafarta Malam, in ka yi kuskure fa?" Ya ce a allo sai a wanke, a takarda kuwa sai ka yi tunani kafin ka sa alƙalami. Na ga yaron nan na ranar gwaji ya ɗago kai yana saurare.

Yau aka haɗa ruwan baba da na gangamau. Koren bai fito tas ba, ya yi duhu-duhu, amma kore ne kuma da hannunsu suka haɗa, ihun da suka yi sai da firinsifal ya leƙo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun kai yara ashirin duwatsun Birnin Kudu a motar haya, iyaye suka yi karo-karo, tsofaffin ɗalibai suka cika. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu, yawanci da jan launi, tun a shekarun 1950 masu binciken tarihi irin su Bernard Fagg suka yi nazarin wurin, yanzu yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai kuma duwatsun da in ka buga suke ƙara kamar ƙararrawa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ƙauyenmu amma cikin ashirin ɗin nan mutum biyu ne suka taɓa jin labari. Kafin mu tafi na sanar da dattijon nan cewa zanen shanu ne na mutanen da, tarihi za mu gani, ya ce ba komai a je.

Wasu zanukan sun dushe ido ba ya kama su sosai, sai muka ɗauki hoto muka ƙara masa haske da duhu a waya, ƙahonnin suka fito sarai. Na hana kowa taɓa dutsen ko shafa masa ruwa. A hanyar dawowa musu ya kaure a mota kan ko jar ƙasa mutanen suka yi amfani da ita kamar tamu.

Laraba, 30 ga Afrilu

An daɗe ban rubuta ba, azumi da Sallah da hutu. Kuɗin data ma ya tashi tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a farkon shekara, yanzu sau ɗaya a wata nake sauke abu.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau daban ne. Na ba da aikin hutu kowa ya zana ƙofar gidansu. Wani yaro mai ƙoƙari ya kawo min hoto a wayar yayansa, kyakkyawa kamar na kalanda, ya ce shi ya yi. Da na matsa sai ya faɗi gaskiya, Meta AI ɗin nan da ke cikin WhatsApp yayan ya rubuta wa umarni ya fitar cikin daƙiƙu. Raina ya ɓaci ƙwarai amma ban dake shi ba, ban kuma kunyata shi ba, na ce ya ba ni izini mu duba hoton tare da aji ba tare da na faɗi na wane ne ba. Na ce ku gaya min, wannan gidan garinmu ne? Nan fa suka fara. Ba zanko. Ba zaure, ƙofa kai tsaye cikin gida take kallo, wa zai gina haka. Zanen bangon ba dagi ba ne, layuka ne kawai da ba su haɗu ba. Mutumin da ke tsaye rawaninsa ba irin namu ba ne kuma yatsunsa sun cakuɗe. Indararo babu, to ruwa ta ina zai sauka. Wata takwas baya da na nuna musu hoton nan tafi za su yi, yau sun san abin da ido zai nema saboda sun tsaya gaban Baba magini.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Abin nan kullum ƙara ƙwarewa yake, wata rana zai sa zankon ya sa indararon, kuma yaro zai tambaye ni Malam to don me zan wahala. Mun riga mun ga irinta a ɗinki, keken kwamfuta na fitar da aikin wuyan riga cikin ɗan lokaci, mai aska takwas na hannu yana makonni a kan riga ɗaya. Amsar da nake da ita yanzu ita ce wadda na ba yaron bayan an tashi, na ce ni ba hoton ƙofa nake nema ba, so nake ka zauna gaban ƙofar gidanku ka kalle ta har ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Ya ce zai sake. Daga yanzu kuma aikin da za a ba maki a aji za a yi shi a gabana.

Laraba, 21 ga Mayu

Zafi ya kumbura batirin Itel ɗin, saura waya biyu. Allah ya taimaka na riga na kwashe komai a memori, na kuma tura kwafi wayar yayana.

Yaron ya kawo ƙofar gidansu da fensir, a karkace take kaɗan, amma har tsagar da ke jikin dokin ƙofa ya sa da inda akuya ta goge makuba. Na ba shi maki mai kyau. Labari mai daɗi kuma, yarinyar nan jikar maginiyar tukwane ta ɗauki zanen faifan Inna ta mayar da shi zanen hula, ta fara gwadawa a waya ranar Juma'a tana canza kaloli har ta samu wanda ya yi mata, sannan ta zana a kan yadi da biro, yayarta ta ɗinka. An sayi hular a kasuwar garin kuma mai sayen ya ce a yi masa biyu. A nan kam manhajar ta yi amfani don da zare za ta yi gwajin da an yi asara.

Laraba, 18 ga Yuni

Kafin Babbar Sallah muka yi babban aikinmu, Baba magini ya zo da kansa ya tsaya yara suka yi zanen dagi uku da zayyana a katangar ƙasa da ke gefen ajinmu, mata suka shafa farar ƙasa da ja. Kwana huɗu muna yi. Mutanen gari har zuwa kallo suke, dattijon nan ma ya zo ya sa albarka.

Ruwan daren Lahadi mai iska ya wanke kusan rabi. Laifin namu ne, makubar da muka samu ba ta isa ba muka yi shafe ɗaya maimakon yadda Baba ya ce. Da safe yara suka tsaya cirko-cirko, wasu mata har da hawaye. Na ɗauko waya muka buɗe hotunan, kowane mataki yana nan tun daga ɗigon farko. Baba ya ce kar a taɓa yanzu, a bari sai kaka in ruwa ya ɗauke, a kuma fara tara ɓawon ɗorawa tun yau a ajiye inda ba zai jiƙe ba.

Aji ya ragu sosai, yau mutum talatin da huɗu, sauran suna gona ana noman farko. Na raba wa waɗanda suka zo aikin tara ɓawon, kowa buhu rabi. Firinsifal ya ce in rubuto masa abin da nake buƙata na zango mai zuwa, na rubuta batir ɗaya, rim ɗin takarda biyu, fensir dozin biyar, da izinin Baba da Inna da alaramma su riƙa shigowa aji sau ɗaya a wata a ɗan ba su na goro. Gobe zan kai masa.